Kafin ki ba ni littafin, faɗa mini yadda ya ƙare

Na taɓa zama kusa da wasu mata biyu, ɗaya ta haura sittin, ɗayar ba ta wuce ashirin da biyar ba. Babbar ta zaro littafi daga jakarta, an naɗe bangonsa da takarda mai ruwan ƙasa, gefen shafukan ya yi duhu saboda yawan hannun da ya bi, ta miƙa wa yarinyar. Ita kuwa ba ta karɓa ba. Ta dai ɗora yatsunta a kai ta ce, "Anti, tsakaninki da Allah, ba wadda ta mutu a ƙarshe ko?" Babbar ta yi dariya. "Ba wadda ta mutu, ba wadda ta haukace, ba wadda aka aurar dole. Karɓi abinki, 'yata." Har yarinyar ta sa shi a jaka, sai ta ƙara da cewa, "Amma fa tsakiyarsa akwai jan rai. Ki daure da babi na bakwai zuwa na tara."

Ni da na tashi da aƙidar cewa duk wanda ya faɗa maka ƙarshen labari ya cuce ka, abin ya ɗaure mini kai. Wane irin mai karatu ne zai nemi a ɓata masa daɗin littafi tun bai buɗe shi ba? Sai da na daɗe ina bin tarihin abin kafin na gane cewa tambayar yarinyar nan ta girme ta, ta ma girmi wadda aka yi wa ita.

Matan nan biyu suna cikin waɗanda ake kira 'yan maɗigo. Kalmar a bakin yawancin mutane zagi ce, don haka zan taƙaita amfani da ita. Na kuma san da yawa daga masu karanta wannan ba su amince da rayuwar matan da zuciyarsu ke karkata ga mata 'yan uwansu ba, kuma ban zo jayayya da kowa a kan abin da ya yi imani da shi ba. Littafi ne ya kawo ni. A ganina, idan ana son a ga yadda shawarar karatu take zama aiki mai nauyi, aikin da ke buƙatar sani da gaskiya da riƙon amana, to a dubi yadda matan nan suke yin ta a tsakaninsu. Sun fi yawancinmu ɗaukar ta da muhimmanci, domin sun fi mu sanin abin da ke faruwa idan babu ita.

A 1928 wata marubuciya a Ingila, Radclyffe Hall, ta fitar da littafi mai suna The Well of Loneliness, wato rijiyar kaɗaici. Babu batsa a cikinsa, ko ta layi ɗaya. Duk da haka editan jaridar Sunday Express ya rubuta cewa gara ya ba yaro ko yarinya mai lafiya kwalbar guba da ya ba su wannan littafi, kuma kafin shekarar ta ƙare kotu a Landan ta ba da umarnin a lalata shi. Bai sake fitowa a Ingila ba sai 1949. Abin mamakin shi ne littafin da aka ji wa wannan tsoro, baƙin ciki ne daga farkonsa har ƙarshensa. Jarumar ta yi ƙaryar cewa ta ci amanar masoyiyarta, da gangan, don ta tura ta hannun wani namiji, ita kuma ta zauna ita kaɗai tana roƙon Allah. Shekara da shekaru wannan ne littafin da mace irinta za ta fara cin karo da shi, kuma saƙon da za ta ɗauka bai wuce ɗaya ba: akwai irinki a duniya, amma ba za ki ji daɗi ba.

A Amurka ma abin ya zama ƙa'idar kasuwa. A shekarun 1950 ƙananan littattafai masu arha, waɗanda ake sayarwa a tashoshi da kantunan magani, sun cika da labaran mata masu son mata, galibi maza ne suka rubuta su don maza. Wata matashiya, Marijane Meaker, ta rubuta nata a 1952 da sunan aro, Vin Packer. Daga baya ta ba da labarin yadda editanta ya gindaya mata sharaɗi cewa labarin ba zai ƙare da daɗi ba, domin littattafan ta gidan waya suke tafiya, kuma hukumar gidan waya na iya ƙwace duk abin da ta ga kamar yana goyon bayan wannan rayuwa. Haka kuwa aka yi: ɗaya daga cikin 'yan matan ta ƙare a asibitin masu taɓin hankali, ɗayar ta farka ta ce ashe ba son ta take yi ba. Littafin ya sayu sama da miliyan. Masu buga littafi suka ga hanya ta ɓulle, kowa ya bi. Mutuwa, hauka, ko aure, marubuci ya zaɓi ɗaya.

A cikin wannan shekarar ce Patricia Highsmith ta fitar da The Price of Salt, ita ma da sunan aro, Claire Morgan. A nan matan biyu sun rayu. Ɗayar, mai suna Carol, ta rasa riƙon 'yarta, farashin bai yi sauƙi ba, amma shafin ƙarshe ya bar su suna fuskantar juna da rai da hankali. Ƙaramin bugun ya sayu kusan miliyan ɗaya, wasiƙun godiya suka yi ta zuwa wa "Claire Morgan" wata da watanni. Highsmith ba ta yarda an sa sunanta na gaskiya a kai ba sai 1990, bayan shekara 38. To ka ƙaddara mace a 1953 tsaye gaban tarin littattafai masu bango iri ɗaya, duk da hotunan mata biyu, ashirin za su soka mata wuƙa, ɗaya ne kawai zai bar ta ta yi barci. Bango ba zai gaya mata ba, mai kanti ba za ta iya tambayarsa ba. Sai dai wata mace da ta riga ta karanta ta raɗa mata. Daga nan tambayar ta samo asali, kuma ba ta mutu ba. A 2018 hukumar tace finafinai ta Kenya ta haramta fim ɗin Rafiki, na soyayyar 'yan mata biyu, wanda aka gina a kan wani gajeren labari na Monica Arac de Nyeko 'yar Uganda da ya ci kyautar Caine a 2007. Mai ba da umarnin fim ɗin, Wanuri Kahiu, ta ce an nemi ta sauya ƙarshensa domin ya cika ba da kyakkyawan fata.

Ɗakin karatu ma, wanda ya kamata ya zama mafaka, bai yi musu rana ba. Barbara Gittings ta shiga jami'ar Northwestern a 1949, ta fara neman bayani a kan kanta a ɗakunan karatu, ta nutse a neman har ta faɗi jarrabawa ta bar makarantar. Abin da ta riƙa samu yana jere ne a ƙarƙashin kanun cuta da karkacewar ɗabi'a. Da mahaifinta ya ga littafin Radclyffe Hall a ɗakinta, ya kasa yi mata magana baki da baki, suna gida ɗaya, sai ya rubuta mata wasiƙa cewa ta ƙona shi. Wannan yarinyar ce daga 1971 ta shugabanci wani kwamiti a ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta Amurka, ta shafe kusan shekara goma sha biyar tana tattara jerin littattafai tana rabawa. Kafin ita akwai Jeannette Howard Foster, ma'aikaciyar ɗakin karatu, wadda ta bi rubuce-rubuce sama da ɗari uku na Turanci da Faransanci da Jamusanci, tun daga waƙoƙin Sappho ta tsohuwar Girka har zuwa zamaninta, ta fitar da nazarinta a 1956 da kuɗin aljihunta, domin masu buga littafi sun ƙi taɓa shi.

Amma wadda ta fi kama mini hankali ita ce Barbara Grier. A 1955 wasu mata takwas suka kafa ƙungiya a San Francisco, shekara ta zagayo suka fara fitar da mujalla mai suna The Ladder, wadda ta rayu har 1972. Grier ta riƙa rubuta shafin littattafai a cikinta da sunan namiji, Gene Damon. A 1967 ita da abokiyar aikinta suka fitar da jerin littattafai mai tsari na musamman. Harafin A na littafin da matan nan ne ginshiƙin labarinsa, B na wanda suka fito a gefe, C na wanda abin yake a lulluɓe sai mai ido. Tauraro ɗaya zuwa uku na nuna inganci. Sai kuma harafin T, wanda aka ɗauko daga kalmar Turanci mai nufin shara.

Wannan T ɗin ne ya sa nake girmama matar. Duba fa halin da take ciki. Littattafan ba su da yawa, masu karatun suna cikin ƙishirwa, kuma da ta ce da babu gara ba daɗi, ta yabe komai, ba wanda zai zarge ta. Ta ƙi. Ta lissafa littafin don a san akwai shi, sannan ta manna masa shara a goshi don kada wata ta ɓata kuɗinta da darenta. Ta ɗauki masu karatunta a matsayin mutane masu hankali da ɗanɗano, ba mabarata da za a jefa wa ko me aka samu ba.

A nan ne nake da ƙorafi a kan yadda abin yake tafiya yanzu. Littattafan sun yawaita. Akwai na soyayya, na bincike, na tarihi, na almara, na matasa, akwai kamfanonin da ba su buga komai sai su, akwai kyaututtuka irin na Lambda da ake bayarwa tun 1989. Amma tare da yawan sai wata kunya ta shigo. Mace ta karanta littafi ta ga rubutun ya yi rauni, mutanen cikinsa kamar an yanko su daga kwali, sai ta ji nauyin faɗa. Ai 'yar uwa ce ta rubuta, ai ta sha wahala kafin ta samu a buga, ai maƙiya suna jiran abin faɗa. Sai ta ce "ya yi kyau" ta wuce. Na fahimci dalilin, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Sai dai wadda ke biyan kuɗin wannan kara ita ce yarinyar da aka miƙa wa littafin. Za ta karanta na farko ta ji lami, na biyu haka, a na uku ta yanke hukunci cewa labaran irinta ba su da daɗi, ko kuma ta daina yarda da bakin mai ba ta shawara. Marubuciyar ma ba a yi mata adalci ba, domin wanda ba a taɓa gaya masa inda ya gurgunce ba, haka zai yi ta ɗingishi.

Akwai kuma wata matsala da ta fito daga maganin kansa. Tambayar "ba wadda ta mutu ko?" tana da tushe, na nuna shi. Amma na ga inda ta zama doka, har a ce kada a ba kowa littafin da ya ƙare da rabuwa ko rashi. Wannan ma keji ne, an dai sake masa fenti. Mutane suna rabuwa. Suna cin amanar juna, suna tsufa, suna rasuwa, kuma mace mai son mace ba a cire ta daga wannan ba. Baƙin cikin da edita ya manna a shafin ƙarshe don tsoron gidan waya hukunci ne, wanda kuwa ya tsiro daga cikin labarin rayuwa ce kawai, kuma mai karatu da ya ƙware yana jin bambancinsu tun kafin ya kai ƙarshe. Aikin mai ba da shawara shi ne ta faɗi wanne ne wannan. "Zai sa ki kuka, amma ba wulaƙanta su ya yi ba" magana ce da ta fi jerin taurari biyar amfani. Sannan ta san lokaci. Littafin da ya dace da mace bayan shekara uku da rabuwa, guba ne a makon farko.

Shi ya sa ban yarda cewa na'ura za ta gaji wannan aiki ba. Amazon da ire-irensa suna iya lissafa cewa waɗanda suka sayi wannan sun sayi wancan, kuma sau da yawa suna dacewa. Abin da ba su sani ba shi ne mahaifiyarki ta rasu watan jiya, ko kuwa har yanzu ba ki iya furta kalmar ko a gaban madubi. Ba su da sirri kuma. Mace ta duba littafi ɗaya a wayar da ƙanwarta ke ara, washegari shafin farko ya cika da irinsa, an jera su reras ga duk wanda ya ɗauka. A ƙasashe da dama wannan ba abin kunya ba ne kawai, yana iya jawo kora daga gida, ko rasa aiki, ko shiga hannun hukuma. Takarda mai ruwan ƙasa da na gani a bangon littafin nan ba ado ba ce. Wadda ta naɗe shi ta yi tunanin motar haya, ta yi tunanin wanda zai leƙa jaka, ta yi tunanin teburin gefen gado. Kuma mai bayarwa da mai karɓa kowace ta sa wuyanta a hannun 'yar uwarta, domin "ga wannan, za ki so shi" yana nufin na san ki, kuma yanzu kin san ni.

Ƙorafina na biyu ya fi na farko tsufa. In ka saurari sunayen da ake ta maimaitawa, galibinsu na Turawan Amurka da Ingila ne, masu rufin asiri, mazauna manyan birane. Ni kaina tarihin da na zayyana a sama nasu ne, domin su ne aka adana wa takardu. Audre Lorde, baƙar fata wadda ita ma ta yi aikin ɗakin karatu, ta rubuta a Zami, littafinta na 1982, yadda ta rayu a New York ta shekarun 1950 tana baƙuwa sau biyu, cikin baƙaƙe saboda wadda take so, cikin masu son mata saboda launin fatarta. Labarin da ya ƙare da jaruma ta tattara kayanta ta bar gari, ta yanke hulɗa da iyaye da addini, ta samu 'yanci a wani babban birni, ba ya yi wa kowa magana. Akwai wadda ba ta son barin mahaifiyarta, ba ta son barin Ubangijinta, kuma ba ta iya sauya zuciyarta. Irin wannan ta fi samun kanta a littafin Chinelo Okparanta na 2015, Under the Udala Trees, wanda ya faro daga yaƙin Biyafara, inda uwa ke zaunar da 'yarta da Littafi Mai Tsarki tana neman gyara ta, kuma marubuciyar ba ta mai da uwar dodo ba. Mai ba da shawara da ba ta tambayi kanta "wace ce wannan da ke gabana, daga wane gida ta fito" ba, tana raba magani ne ba tare da duba mara lafiya ba. Ga kuma maganar harshe, wadda ita kaɗai ta isa wani rubutun: yawancin abin da ake yabawa da Turanci yake, wadda ba ta jin sa sai dai a ba ta labari.

Wani zai ce, duk wannan ai yaɗa abin ake yi, littafi ne ke koya wa yara. Amsata gajera ce. Gittings ta riga ta san abin da take ji kafin ta shiga ɗakin karatu, shi ne ma ya kai ta. Matan da suka cika wa Highsmith akwati da wasiƙu ba cewa suka yi ta sauya su ba, godiya suka yi da ta nuna ba dole su kashe kansu ba. Kuma waɗannan matan duka sun tashi ne a kan dubban labaran soyayyar mace da namiji, a makaranta da rediyo da silima, bai juya su ba. In da littafi yana da wannan ƙarfin, da tuni an gama. Abin da ƙona littafi yake ragewa shi ne yawan waɗanda suka san ba su kaɗai ba ne, kuma yarinyar da ta ɗauka ita kaɗai ce a duniya ba ta zama wata daban, ta dai yi shiru ne da ciwonta.

Bayan wata biyu ko uku na sake haɗuwa da matan nan. Yarinyar ta dawo da littafin, ta ƙara masa sabuwar takarda domin tsohuwar ta yage a kusurwa. Babbar ta ce, "To, yaya?" Yarinyar ta yi jim, tana murza zoben hannunta, ta ce, "Anti, kada ki ji haushi. Ban so shi ba. Ita Carol ɗin nan ta cika sanyi, kuma duk kuɗi ne ke fitar da su daga matsala." Na zaci ran babbar zai ɓaci, littafin da ta riƙe shekara talatin. Sai ta gyara zama, ta cire tabarau ta ajiye a cinya. "Madalla. A ina ya fara gundurar ki? Tun a tafiyar motar, ko kafin nan?" Yarinyar ta fara bayani, ita kuma tana sauraro tana gyaɗa kai, hannunta ɗaya ya riga ya koma cikin jaka yana lalube.